Bishara Ba Katin Jam'iyya Ba Ce: Kira ga Kiristocin Basawa, Samaru da Sabon Gari

 Iyayenmu na zumuntar mata, dattawan ikilisiya, fastoci da matasa, ku kasa kunne, yau ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi.

Wata gardama ta shigo mana ta cikin waya. Da an tashi sujada ranar Lahadi, kafin a kai bakin titi, sai ka ji samari sun kaure. Wannan ya ce Yesu ɗan gurguzu ne, tunda ya ciyar da mayunwata, ya kori 'yan canji daga Haikali. Wancan ya ce sam, Kirista na gaskiya ɗan ra'ayin riƙau ne, mai tsare aure da iyali, mai cewa kowa ya ci guminsa. Kowa ya riƙe ayarsa kamar gora, yana neman ƙeyar ɗan'uwansa.

Ku tsaya mu tambayi asalin abin. Wannan hagu da dama da ake ta kai ruwa rana a kansu, tsarin zama ne a majalisar Faransa a shekarar 1789: masu goyon bayan sarki suka zauna dama da shugaban majalisa, masu neman sauyi suka zauna hagu. Bishara ta girmi wannan zama da shekara fiye da 1,700. Yaushe jika ya fara raɗa wa kakansa suna?

Duk ɓangaren da ya so, ya taɓa jan Littafi Mai Tsarki zuwa rumfarsa. A 1891 Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙa yana kare haƙƙin ma'aikaci na samun albashin da zai riƙe gida, a cikinta kuma ya kare haƙƙin mutum na mallakar dukiya, ya ƙi gurguzu. A 1979 Fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar da ta kai kuri'un Kiristoci masu yawa ga 'yan riƙau a Amurka. Shekara guda bayan haka, a watan Maris na 1980, aka harbe Babban Bishop Oscar Romero a gaban bagade a ƙasar Salbado saboda ya tsaya wa talakawa. A Afirka ta Kudu, akwai cocin da ya kafa hujja da aya ya goyi bayan wariyar launin fata, Desmond Tutu kuma da Littafin nan ɗaya ya yaƙe ta. Ashe aya ba ta da laifi, hannun da ya ɗauko ta ne abin dubawa.

Mu dawo gida. Ga Wusasa nan kusa, inda mishan ta koma daga birnin Zariya a 1929. Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, Kirista ne, shi ne kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda daga baya ta zama NPC ta su Sardauna. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, shi ya tsaya wa Azikiwe mataimaki a NPP a 1979. Janar Yakubu Gowon ya bi hanyar soja. Rijiyar mishan ɗin nan ɗaya suka sha, hanyoyinsu daban, ba mu kuwa ji an kori ɗayansu daga majami'a don hanyar da ya zaɓa ba.

Mu ma a Arewa muna da namu saɓanin, na sarauta da talakawa, tun da aka kafa NEPU a Kano a 1950. Hajiya Gambo Sawaba a nan Sabon Gari ta sha duka da ɗauri don mata su samu damar jefa kuri'a. Yau kowace mace a Basawa, mai zuwa coci da mai zuwa Islamiyya, tana cin moriyar wahalarta. Wannan ita ce siyasar da ta san ƙofar gidanmu. Rigimar hagu da dama zanen aro ce, ba ta rufe katara.

Mun kuma san kuɗin da ake biya idan addini ya zama makamin 'yan siyasa. A watan Maris na 1987 wutar da ta tashi a Kafanchan ta iso Zariya, majami'u suka ƙone, maƙwabci ya daina haɗa ido da maƙwabci. Dakta Yusufu Bala Usman, daga nan Samaru, ya daɗe yana gargaɗi cewa masu neman mulki da dukiya ne ke juya addini don raba kan talakawa. Wa ya ci riba? Ba mai sayar da tumatir a kasuwar Samaru ba ce.

To me bangaskiyarmu ta ɗora mana? Annabi Amos ya tsawata wa masu tauye mudu da masu tattake matalauci. Dokar Musa ta hana manomi girbe gonarsa ƙaf, don baƙo da marar hali su samu kala. Manzo Bulus kuma ya tsawata wa malalata, ya yi sana'ar ɗinkin tanti da hannunsa. Tausayi da aiki tuƙuru, adalci da tsare gida, duk kaya ɗaya ne. Wanda ya ɗauki rabi ya yar da rabi, son zuciyarsa yake bi.

Saboda haka nake kira. Fastocinmu, ku tsare mumbari. Ɗan takara ya zo sujada, ya zauna a benci kamar kowa. Kada ambulan ɗinsa ya sayi wa'azin ranar.

Iyayenmu mata, kada a sayi shekara huɗu ta 'ya'yanku da atamfa da sabulu da taliya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ku kuka fi kowa sanin yadda mudu ya koma. Ku tambayi mai neman kuri'a: ina maganarka kan taki, da ruwan sha, da magani a asibitin unguwa?

Matasa, ku ajiye faɗan waya ku karɓi katin zaɓe. Ku san sunan kansilanku. Ku je sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari ku tambayi abin da aka ware wa makarantar firamaren unguwarku, cikin ladabi, a rubuce. Ku tafi tare da maƙwabtanku Musulmi, domin ramin da ke kan hanya ba ya tambayar addinin mai babur, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya zaɓi wata jam'iyya daban da taka, ɗan'uwanka ne har gobe. Ku yi musu, ku ci tuwo a kwano ɗaya. A Ranar Shari'a, kamar yadda muka koya tun muna makarantar Lahadi, za a ware mutane dama da hagu, amma ba da katin jam'iyya ba. Mayunwaci da baƙo da majinyaci da ɗan kurkuku su ne shaidu. Suna nan Basawa yau, suna jiranmu. Mu tashi!

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa. Amin.