Bazara a kan hanyar Gadabeji

Mai karatu, a bazarar bana na ɗauki uwargida da yara uku daga Korahane, muka bi ta Dakwaro, muka nufi gandun dajin Gadabeji. Dalili kuwa, ɗana ne ya tambaye ni ko raƙumin dawa dabbar Turai ce, tunda a littafin lakkol kaɗai ya taɓa ganinsa. Kunya ta kama ni.

Mun makara wajen tashi, laifina ne. Kafin azahar rairayi ya zama garwashi, mota ta tafasa, ta shanye rabin ruwan jarkarmu. Autarmu ta daina kuka, jikinta ya saki. Nan hankalina ya tashi. Allah ya kawo wani makiyayi, ya kwance salkarsa ya ba ta, ya ce: "Malam, mai tafiya da ƙanana ba ya jayayya da rana." Muka zauna inuwar aduwa har la'asar.

Tun 1955 aka keɓe wannan gandu mai hekta 76.000, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerinta a 2017. Fari da farauta sun ƙarar da raƙuman dawansa, sai a Nuwamba 2018 aka kawo takwas daga Kure. Dab da almuru muka hangi biyu suna tsinkar ganyen ƙaya. Yaron ya yi tsit, bai sake tambaya ba.

Jama'a, ku kai ƴaƴanku su gani. Amma ku tashi da asuba, ku ninka ruwa, ku nemi jagora wurin ma'aikatan daji. In ba haka ba, ku jira lokacin sanyi.