Filin Uwargida: Kuɗi Sun Fita, Kaya Ba Su Zo Ba

A wannan wata za mu tattauna ne a kan cinikin waya, musamman da ke 'yar'uwata ta Batsari da Safana da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Yanzu kina daga cikin ɗakinki sai ki ga atamfa ko leshi ko kayan kicin a WhatsApp ko Facebook, ki yi ciniki da wata a Kano ko Legas, ki biya, a ɗoro miki a mota. Tun ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023 mata da yawa suka saba da wannan hanya, kuma ta rage mana wahala, ganin yadda tafiya ta zama abin fargaba a yankin dajin Rugu. To amma idan kuɗi suka fita kaya ba su zo ba fa? Ko kika zaɓi shadda aka aiko miki da yadi? Da yawanmu sai mu ce Allah Ya isa mu yi shiru, alhali kuɗin adashin wata shida ne, ko na kayan ɗakin 'ya.

Uwargida, ki sani cewa hanyar da kika bi kika biya ita ke nuna ko kuɗinki za su dawo. Idan da katin ATM kika biya, a shafin intanet ko a na'urar POS, kina da damar sa bankinki ya karɓo miki kuɗin daga bankin mai kaya, abin da ma'aikatan banki ke kira cajbak. Ana yin haka idan an cire kuɗi ciniki bai faɗa ba, ko an cire sau biyu, ko kaya ba su iso ba, ko an aiko da abin da ba shi aka nuna ba. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Nijeriya ya umurci bankuna su warware irin wannan matsala ta POS da intanet cikin awa 72.

Amma idan taransfa kika yi zuwa asusun mutum, magana ta sauya, domin a wurin banki ke kika tura da hannunki. Ba zai iya shiga asusun wani ya kwaso miki ba sai da yardar mai asusun ko umurnin kotu. Abin da zai taimake ki shi ne gaggawa: idan kika sanar da bankinki cewa damfara ce tun kuɗin ba su bar asusun ba, ana iya riƙe su. Wanda ya yi niyyar cuta kuwa ba ya barin kuɗi su kwana.

Saboda haka da zarar kin ga alamar matsala, fara da mai kayan, ki yi mata magana a rubuce cikin mutunci, ki ba ta wa'adi. Kada ki goge komai: hoton kayan da aka nuna miki, hirarku, saƙon cire kuɗi, risitin mai POS, da doguwar lambar nan mai alƙaluma 30 da ke jikin shaidar taransfa. Mutanen Batsari da Safana ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya na tsawon watanni a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina. Don haka ki rubuta ranar ciniki da adadin kuɗi da lambobin a littafi, kada ki dogara da waya kaɗai.

Daga nan sai banki. Ba lallai sai an yi tattaki zuwa Katsina ko Dutsin-Ma ba, a fara da kiran lambar da ke bayan katinki ko a shigar da ƙorafi ta manhajar bankin. Ki tabbata an ba ki lambar ƙorafinki. Idan aka yi mako biyu ba a share miki hawaye ba, sai a kai kuka sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, wanda yake da reshe a Katsina. Ki lura, banki mai asusu kawai yake saurare. Idan da asusun maigida ko na ɗanki kika biya, kada tsoron faɗa ya sa ki ɓoye masa, domin kowace rana da ta wuce tana rage miki dama.

Ki kula kuma da masu kira su ce daga banki suke, za su dawo miki da kuɗinki idan kin faɗi lambar sirrin katinki ko lambar da aka turo miki a waya. Banki ba ya tambayar waɗannan. Kada garin neman gira a rasa ido.

Neman haƙƙinki ba rashin haƙuri ba ne, malaman fiƙihu ma sun bai wa mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Sai dai a ji tsoron Allah: idan kaya sun iso yadda aka yi alkawari, launin ne kawai ya fita daga ranki, kada ki ce wa banki ba su zo ba. Mai kayan ita ma wataƙila da wannan sana'ar take ciyar da marayu.

A gaba kuma, da baƙuwar dillaliya ki fara da ƙaramin ciniki, ko ki nemi a biya idan kaya sun iso, ko ki sa ɗan'uwa da ke garin ya gani da idonsa kafin ki tura. Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.