Turare Ba Wanka Ba Ne

Juma'ar da ta wuce da rabin numfashi na yi sallah. Wanda ya tsaya a damana ya sha shadda mai maiƙo, hula zanna ta zauna daram, agogo sai walƙiya yake. Da ya ɗaga hannu zai yi kabbara sai da idona ya kawo ruwa. Tsamin zufar jiya da shekaranjiya ne aka bi shi da turare mai ƙarfi, suka haɗu suka zama wani abin da ba shi da suna. Har aka sallame ban san surar da liman ya karanta ba.

Na san lokacin da muke ciki. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, ga wuta babu, fanka ta zama ado. Kowa zai yi zufa. Ɗan dakon da ya yini da dila a ka a Kantin Kwari, ko ɗan ga-ruwa mai tura kura, ba da su nake ba. Guminsu na neman halak ne, kuma da yamma za ka same su a gidan wanka da sosonsu. Da kai nake, Alhaji, kai da kake da kuɗin kwalbar turare amma singileti ɗaya ka yi kwana uku da ita.

Zufa lokacin da ta tsattsafo ba ta wari, ruwa ce da ɗan gishiri. Wadda ke fita a hammata da matsematsi ce take da maiƙo, ƙwayoyin halittar da ke zaune a fata su ci wannan maiƙon, abin da suka fitar shi ne ɗoyin da muke shaƙa. Gashi yana riƙe shi, yadin roba ma haka, har bayan an wanke. To ta ina turaren fesawa zai yi maganin wannan? Kamar a shimfiɗa darduma a kan kwata ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba mu da uzurin rashin sani. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin Anas da ya iyakance kwana 40 kada a bar gashin hammata da na mara ya wuce su. Wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa an ce ya nisanci masallaci don kada ya cutar da mutane. Albasa ke nan, abinci! Ina ga hammatar da rabonta da reza tun ƙaramar sallah?

Kakanninmu ba su san kantin zamani ba, amma suna da sabulun salo da soso, suna goga alif ko lemon tsami a hammata. Alif ɗin nan har gobe yana nan a kasuwa, kuɗinsa bai kai na goron da kake ci ba. Maganin tsayar da zufa na gogawa da ake sayarwa a kemis ma sinadarinsa ɗan'uwan alif ne, kuma ya fi aiki in an shafa shi da dare a busasshiyar fata. A yi wanka, a goge jiki ya bushe, a canza kayan ciki kullum, a nemi na auduga. Turare ya zo daga ƙarshe.

Akwai waɗanda nasu lalura ce, kuma su tausayi suke buƙata. Wani tafin hannunsa ɗiga yake ko da sanyi, takardar jarrabawa ta jiƙe, yana jin kunyar miƙa hannu a gaisa. Wani kuma da dare yake jiƙewa sharkaf, ga tari ga rama, wanda hakan na iya zama tarin fuka, maganinsa kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ciwon suga da cutar maƙoƙo su ma suna kawo yawan zufa. Maimakon a kai mutum wurin likita, sai wata gwaggo ta rantse kishiya ce ta yi jifa, a kwashi kuɗi a kai wa mai sayar da haɗi a TikTok.

Mu kuma da muke shaƙa, munafuncinmu ya isa. A cikin adaidaita sahu mu toshe hanci da mayafi, mutum na sauka a fara gulmarsa, har a laƙaba masa suna a unguwa, shi kaɗai ne bai sani ba, domin hanci yakan saba da warin mai shi. Hajiya, mijinki ne, ki faɗa masa a ɗaki kafin yaran ofis su faɗa a bayansa. Ni dai, Alhaji, in ka sake tsayawa kusa da ni ranar Juma'a, ana sallamewa zan ja ka gefe in faɗa maka.