Jirgin Soso Ba Wasan Banza Ba Ne

Ya ku malamai da attajirai, a zamanin nan akan ga samari suna tsinto farin soson da ake kunshe firji da shi, su yanka fukafukai, su ɗaura ɗan inji da farfela da batir, su riƙa sarrafa jirgin daga ƙasa da na'urar rediyo. Waɗansu dattawa sun ce shiririta ce. Mu ba mu ga haka ba.

Ku sani, sai yaro ya koyi awo da lissafi kafin jirginsa ya tashi, gama in nauyi ya rinjaya baya, faɗowa zai yi. 'Yan'uwan nan Wright na Amurka, da suka tashi jirgi a 1903, masu gyaran keke ne. A 1925 jirgi ya fara sauka Kano. A 2022 jirage marasa matuƙi suka soma kai magani asibitocin Jihar Kaduna. Duka ƙirar baƙi ce. Yaushe za mu ga tamu?

Saboda haka attajiri ya saya wa yaro batir, malami ya hore shi ya nisanci filin jirgi da taron jama'a. Da yayyafi kogi kan cika. Allah ya sa mu dace, amin.