Wai har yanzu handawut za mu ci gaba da saya?

'Yan uwa ɗaliban kwamfuta na Bauchi, na Yelwa da Gubi, na Gwallameji da Wuntin Dada, yau da ku nake.

Ta yaya mutum zai gama shekara guda yana karanta darasin rubuta manhaja, ya ci jarrabawa, amma bai taɓa ganin layi ɗaya da ya rubuta ya yi aiki a kan allo ba? Haddar handawut kawai, a juye a takarda, a fito. Wani handawut ɗin ma fotokwafin fotokwafi ne, baƙaƙen sun dushe. A Python kuwa, tazarar da ake bari a farkon layi tana cikin ma'anar abin da aka rubuta. In ta goce wajen bugawa, kuskure ka haddace, kuma da kuɗinka ka saya.

Abin haushin shi ne akwai wanda ya fi shi, kyauta. Jami'ar MIT ta Amurka ta sanar da OpenCourseWare tun 2001, ta zuba laccocinta da atisaye a intanet. CS50 na Harvard, wanda David Malan ke koyarwa, kyauta ne. Littafin Think Python na Allen Downey kyauta. Python for Everybody na Charles Severance kyauta. Nan gida ma NOUN ta saka littattafan kwasa-kwasanta, kowa ya sauke.

Ku lura da labarin Severance ɗin nan. Bai fara daga sifili ba. Littafin Downey ya ɗauka, ya yanke, ya ƙara, ya daidaita shi da ɗalibansa na Jami'ar Michigan, saboda lasisin littafin ya ba shi dama. Ba sata ba ce, marubucin da kansa ya ce a yi. Sharaɗin dai ka ambaci mai shi, ka bar naka a buɗe, kar ka mayar da shi hajar kasuwa. To me zai hana malaminmu ya yi haka? Ya cire misalan Amurka, ya sa lissafin kuɗin Keke Napep daga Wunti zuwa Yelwa, ko farashin masara a Muda Lawal. Ya ƙara bayani da Hausa a inda Turanci ke shaƙe yaran da suka fito daga makarantun gwamnati.

Na san za a ce albashin malamai bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne, mun ga yajin aikin wata takwas a 2022. Amma aljihun ɗalibin da ke cin garau-garau sau ɗaya a rana ba shi zai cike giɓin gwamnati ba. Kuma akwai malamai na kirki da ke tura littattafan nan a guruf ba ko sisi, Allah ya saka musu.

Za a ce ba wuta, ba data, ba laftof. Haba malam! Littafin nan bai kai nauyin bidiyon TikTok biyu ba. Mutum ɗaya ya sauke, aji gaba ɗaya ya karɓa ta Xender. Pydroid 3 kuma yana gudanar da Python a wayar Android ɗin da kake karanta wannan rubutun da ita, ko babu data.

Mu ma fa da namu laifin. In aka turo littafi, tambayar farko ita ce "zai fito a jarrabawa?"

Shugabannin NACOS, aikinku bai tsaya a buga riga da shirya liyafa ba. Kafin zangon nan ya yi nisa ku zauna da shugabannin sassa, a daidaita babin Python for Everybody da manhajar COS 102 da COS 201, mako-mako, a raba wa 'yan aji ɗaya da biyu. Duk Asabar a buɗe aji ɗaya, masu laftof su zo da ita, 'yan aji uku da huɗu su zauna da ƙannensu. Wanda ya shirya ya rubuta makarantarsa da ajinsa a ƙasa, mu san yawanmu.