Ra'ayinmu: Bayananmu Amana Ne, Kuma Doka Ta Ba Mu Bakin Magana

Da wuya a sami malamin firamare a cikin ganuwar birnin Kano, daga Shahuci zuwa Gwale har gindin Dala, wanda bai miƙa lambarsa ta NIN da ta BVN da hotonsa da tambarin yatsunsa ga wasu hannuwa ba, kuma ba sau ɗaya ba. Mun ba banki domin albashi, mun ba kamfanin waya domin kada a rufe mana layi, mun ba masu tantance ma'aikata, wasunmu kuma sun ba manhajojin rance a tsakiyar wata, lokacin da aljihu ya bushe. Duk wanda ya karɓa, amana ya karɓa. Tambayar da ya kamata kowane ɗan ƙungiya da iyalinsa su san amsarta ita ce: ranar da mai riƙon amanar ya yi sake bayanan suka fita, me ya rage mana?

Ba tatsuniya muke yi ba. A watan Maris na 2024, kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ ta bankaɗo wani shafin intanet mai suna XpressVerify, inda ake sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa a kan naira 200. A watan Yuni na shekarar, ƙungiyar Paradigm Initiative ta tona asirin wani shafin, AnyVerify, wanda farashinsa naira 100 ne kacal. Domin kafa hujja, ƙungiyar ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, da ta shugaban hukumar kare bayanai ta ƙasa, Vincent Olatunji. Hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, ta musanta cewa an kutsa cikin rumbunta. To, ko ta wace kafa bayanan suka tsiyaye, darasin ɗaya ne: in takardar minista ta sayu a kan kuɗin da bai kai na ƙosan karin kumallo ba, ta malamin aji uku ba ta da wani katanga.

Wani zai ce, ai lamba ce kawai, me za a yi da ita? Ga abin da ake yi. Ɗan damfara zai kira ka ranar da albashi ya shigo, ya ambaci cikakken sunanka da ranar haihuwarka da sunan bankinka, har zuciyarka ta natsu cewa ma'aikacin banki ne. Daga nan sai ya nemi 'yar lambar nan da aka turo maka ta tes. Da ka karanta masa, ka ba shi mabuɗin asusunka da hannunka. Wani kuma layinka zai sa a sake masa, abin nan da aka fi sani da welkam-bak, saƙonnin bankinka su koma wayarsa. Wani rance zai ci da sunanka, ba za ka sani ba sai ranar da ka je neman naka na halal aka ce ana bin ka. Akwai kuma tozarci: manhajar rance ta kwashe lambobin da ke wayar mutum, ta aika wa surukai da abokan aiki saƙon cin mutunci. Irin wannan ne ya sa hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 a 2021. Ga malamin da jarinsa a unguwa shi ne mutuncinsa, wannan asara ta fi ta kuɗi ciwo.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, doka tana gefenmu. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa sirrin kansa da na gidansa da na wasiƙunsa da na hirarsa ta waya. A ranar 12 ga Yuni, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Sashe na 40 na dokar ya wajabta wa kamfanin da bayanan mutane suka fita daga hannunsa ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 da sanin lamarin, muddin akwai yiwuwar cutarwa. In haɗarin babba ne, dole ya sanar da masu bayanan nan take, da harshen da za su fahimta, tare da shawarar yadda za su kare kansu. Sashe na 46 ya ba wanda aka cuta damar kai ƙorafi ga hukumar. Sashe na 48 ya ba hukumar ikon umartar kamfani ya biya diyya, da kuma cin manyan kamfanoni tarar da za ta iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Sashe na 51 kuwa ya buɗe ƙofar kotu ga duk wanda ya yi asara ko ya cutu, ya nemi diyyarsa da kansa.

Dokar ta fara nuna haƙoranta. A watan Agusta na 2024, NDPC ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8 bisa zargin sarrafa bayanan mutane ba da cikakken izininsu ba, ko da yake bankin ya musanta laifin. Sai dai mu lura, tara ba ta shiga aljihun wanda aka cuta. Diyya sai an nema. A Amurka, bayan an sace bayanan mutane kimanin miliyan 147 daga kamfanin Equifax a 2017, matsin hukumomi da ƙararrakin da jama'a suka haɗu suka shigar ne suka kai ga yarjejeniyar 2019, wadda ke iya kaiwa dala miliyan 700, da kaso mai tsoka domin waɗanda abin ya shafa. Da kowa ya yi shiru a ɗakinsa, da ba su ga ko sisi ba.

Saboda haka, ranar da ka ji cewa bayananka sun fita, ko ka ga alamar hakan, kada rana ta faɗi ba ka yi abubuwan nan ba. Rufe katinka da asusunka ta lambar da bankinka ya tanada, wadda ya kamata tun yau kowa ya rubuta ya ajiye a gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sauya lambobin sirrinka, kuma kada sabuwar ta zama shekarar haihuwa. Sa wa layin wayarka lambar kulle, yadda ko an sace wayar ba za a yi amfani da shi ba. In layinka ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta na aiki, garzaya ofishin kamfanin, kada ka jira gobe. Kada ka faɗa wa kowa lambar da aka turo maka, komai zaƙin bakinsa, banki ba ya neman ta. Sannan ka nemi rahoton bashin da ke kan sunanka daga ɗaya daga kamfanonin tattara bayanan bashi, wato CRC ko FirstCentral ko CreditRegistry. Dokar 2017 ta ba ka rahoto ɗaya kyauta a kowace shekara.

Bayan kare kai sai neman haƙƙi, kuma a nan ne akasarinmu ke faɗuwa, domin mun saba da ƙorafin baki. Hukuma da kotu takarda suka sani. Ajiye saƙonni da hotunan fuskar waya da bayanin shige da ficen asusu, ka rubuta rana da lokacin kowane kira. Rubuta wa kamfanin wasiƙa, ka tambaye shi waɗanne bayananka ke hannunsa, wa ya ba, kuma me ya fita. Doka ta ba ka ikon yin waɗannan tambayoyi, har da neman a gyara kuskure ko a goge abin da ba a buƙata. Ka tabbata an buga hatimi a kan kwafenka. In banki ne, kuma mako biyu suka wuce ba a warware ba, kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa na Babban Bankin Nijeriya. In kamfanin waya ne, lambar 622 ta hukumar NCC kyauta ce. In manhajar rance ce ta tozarta ka, hukumar FCCPC na karɓar irin wannan ƙorafi. In an kwashe kuɗi, sanar da 'yan sanda ko EFCC, domin rahotonsu hujja ce a gaba. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Mun san malamin da ke fama da aji mai cunkoso daga safe zuwa azahar ba shi da lokacin zarya tsakanin ofisoshi. Nan ne amfanin ƙungiya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kira ga shugabannin reshenmu su buɗe rajistar ƙorafe-ƙorafe irin waɗannan, su tanadi samfurin wasiƙa da Hausa da Turanci, su kuma nemi lauyan da zai riƙa duba su a dunƙule. Kamfanin da zai yi biris da wasiƙar mutum ɗaya zai yi tunani kafin ya yi biris da ta malamai hamsin. Haka nan, duk lokacin da za a sake tantance ma'aikata, wakilanmu su tambaya a rubuce: wane kamfani ne zai karɓi bayanan, ina zai ajiye su, kuma yaushe zai goge su? Wannan ba rashin ladabi ba ne, haƙƙi ne.

Mu kuma kada mu manta cewa amanar wasu na hannunmu. Rajistar aji na ɗauke da sunayen yara da ranakun haihuwarsu da lambobin iyayensu. Tsohon fom da aka sayar wa mai awara a ƙofar makaranta, da jerin sunayen da aka watsa a zauren WhatsApp, da kwafen da aka bari a shagon hoton takardu, duk tsagewar bango ce, kuma ta nan ƙadangare ke shiga. Takardar da ta gama aiki a ƙone ta, wadda ake buƙata a kulle ta. Wanda ya tsare amanar 'ya'yan mutane shi ke da bakin neman a tsare tasa.

Allah Ya kare mu da iyalanmu daga sharrin mazambata, Ya sa albarka a cikin guminmu.