Wasannin Jera-Uku da Neman Ɓoyayyen Abu: Wa Ke Cin Riba?

A yau da wuya a sami wayar hannu ta zamani wadda babu wani ɗan wasa a cikinta. Akwai wanda ake jera alewa uku masu launi ɗaya su ɓace. Akwai wanda ake shirya tubala masu faɗowa daga sama. Akwai kuma wanda ake nuna wa mutum hoton ɗaki cike da tarkace, a ce ya nemo makulli ko agogon da aka ɓoye a ciki. Ra'ayin jama'a a kan waɗannan wasanni ya rabu biyu. Iyaye da malamai da dama suna ganin shiririta ce tsagwaronta, ɗalibai kuwa sukan kare kansu da cewa ai wasa ƙwaƙwalwa suke yi. Kowane ɓangare yana da ɗan abin kamawa, amma dukkansu sun tsallake muhimmin batu: an gina waɗannan wasanni ne a kan ilmin lissafi da ilmin halayyar ɗan Adam. Ɗalibin da ya san yadda aka gina su shi ke juya su, wanda bai sani ba kuwa su ke juya shi.

Daga Ina Suka Fito?

A shekarar 1984 wani injiniya mai suna Alexey Pajitnov, ma'aikaci a cibiyar kwamfuta ta Makarantar Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet da ke Mosko, ya ƙirƙiro wasan Tetris a kan wata na'ura mai suna Elektronika 60. Wasan ya game duniya bayan da kamfanin Nintendo na Japan ya sa shi a cikin na'urar hannu ta Game Boy a 1989. A 1990 kuma kamfanin Microsoft ya sa wasan karta na Solitaire a cikin Windows 3.0, kuma ɗaya daga cikin dalilan yin haka shi ne a koya wa jama'a sarrafa linzamin kwamfuta ba tare da sun ji ana koya musu ba. Salon jera-uku ya yi tashe ne da fitowar Bejeweled na kamfanin PopCap a 2001, sannan Candy Crush Saga na kamfanin King ya biyo baya a 2012. Shi kuwa salon neman ɓoyayyen abu ya bunƙasa a kwamfuta da jerin wasannin Mystery Case Files da kamfanin Big Fish Games ya fara fitarwa a 2005.

Sai dai jera uku ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun kafin zuwan kwamfuta ana yin darar nan ta gurabe 30 da ake tonawa a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda duk ya jera uku a layi ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Yana da kyau mai karatu ya riƙe wannan dara a zuciyarsa, domin ita ce ma'aunin da za a gwada sababbin wasannin da ita.

Lissafin da ke Ɓoye a Ciki

Tubalan Tetris iri 7 ne, kowanne an haɗa shi da ƙananan murabba'ai 4. Idan an tara su duka za a sami murabba'ai 28. To, shin za a iya shirya tubalan nan bakwai su cike allo mai gida 4 a faɗi da gida 7 a tsawo, tunda shi ma gidajensa 28 ne? Ɗalibi zai iya kwana yana gwadawa bai dace ba, kuma ba laifinsa ba ne, domin abin ba ya yiwuwa. Ga hujja: a shafa wa gidajen allon baƙi da fari bi da bi, za a sami baƙaƙe 14 da farare 14. Shida daga cikin tubalan, duk yadda aka aza su, kowanne yana rufe baƙi 2 da fari 2. Amma tubalin da ya yi kama da harafin T yana rufe 3 na launi ɗaya da 1 na ɗaya launin. Jimilla ta zama 15 da 13, ba 14 da 14 ba. Ta haka layi huɗu na tunani suka rufe maganar da gwaji dubu ba zai rufe ba. Wannan shi masana lissafi ke kira hujja, kuma shi ne ƙashin bayan iliminsu.

Haka ma allon Bejeweled mai gida 8 sau 8. A kowane layi akwai wurare 7 da za a iya musanya duwatsu biyu maƙwabta. Layuka 8 a kwance da 8 a tsaye sun ba da 112. Kowane motsi kuma yana sauya allon, ya haifar da wasu hanyoyin. Saboda wannan yaɗuwa ne masana uku a jami'ar MIT ta Amurka suka tabbatar a 2002 cewa Tetris, idan aka faɗaɗa allonsa, yana cikin ajin matsalolin da har yau ba a san wata hanyar gaggawa ta warware su ba. A 2014 Farfesa Toby Walsh na Ostareliya ya nuna haka game da Candy Crush. A wannan aji ne ake samun matsalar tsara jadawalin jarrabawa ba tare da karo ba, da ta nemo wa motar raba kaya hanya mafi gajarta.

Su ma wasannin neman ɓoyayyen abu suna da nasu ilmin. A 1980 masaniyar halayyar ɗan Adam Anne Treisman ta bayyana cewa ido yana tsinto abin da ya bambanta da siffa guda ɗaya nan take, kamar jan tumatir a cikin kwandon ɗanyen kuɓewa. Amma idan sai an haɗa siffa biyu ko fiye, kamar launi da girma, dole hankali ya bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa masu zana waɗannan hotuna suke aza abin da ake nema a kan abin da ya yi kama da shi a launi.

Shin Suna Ƙara Basira?

A nan ne ɗalibai ke buƙatar jin gaskiya, ko da ba ta yi musu daɗi ba. Babu shakka wanda ya daɗe yana wasa yakan ƙware. A 1992 Richard Haier na Jami'ar Kalifoniya ya auna ƙwaƙwalwar wasu matasa kafin su koyi Tetris da kuma bayan makonni suna yi, ya tarar cewa ƙwarewarsu ta ƙaru, amma sukarin da ƙwaƙwalwarsu ke ƙonawa a lokacin wasan ya ragu. Wato ta koyi yin aikin da ƙaramin ƙarfi. Tambayar ita ce, shin wannan ƙwarewa tana tsallakawa zuwa wasu ayyukan?

A 2010 mujallar Nature ta buga binciken Adrian Owen da abokan aikinsa a Ingila, wanda mutum 11,430 suka shiga. An sa su yin wasannin horar da ƙwaƙwalwa na tsawon mako 6. Sun ƙware a kan abin da suka yi ta maimaitawa, amma ba a ga alamar cewa basirarsu ta ƙaru a kan sauran ayyukan da ba su yi atisaye a kansu ba. A 2016 kuma kamfanin da ke sayar da Lumosity ya amince ya biya dala miliyan 2 ga hukumar kula da ciniki ta Amurka saboda tallar da ya yi cewa wasanninsa suna inganta ƙwazo a makaranta da wurin aiki, ba tare da isasshiyar hujja ba. Saboda haka wanda ya kai mataki na 500 a wasan alewa ya gwanance ne a jera alewa. Ranar jarrabawar WAEC ko NECO wannan gwaninta ba za ta warware masa ko tambaya ɗaya ta aljabara ba.

Inda Gizo ke Saƙar

A darar gargajiya akwai abokin karawa, akwai ƙarshe, kuma in an tashi babu wani na uku da ya ci riba. Candy Crush kuwa matakansa sun haura 10,000, kuma ana ta ƙara sababbi. Kyauta ake saukar da shi, amma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2016 kamfanin Activision Blizzard ya sayi King a kan dala biliyan 5.9, kuma a 2023 King ya sanar da cewa wasan ya samar da fiye da dala biliyan 20 tun fitowarsa. Daga ina wannan dukiya ta fito? Daga aljihun masu wasa da kuma tallar da ake nuna musu.

Dabarar kuwa tsohuwa ce. Masanin nan na Amurka B. F. Skinner ya nuna a gwaje-gwajensa da tantabaru cewa tsuntsun da ake ba hatsi ba bisa ƙa'idar da zai iya hasashe ba ya fi nacewa da saran maɓalli. A wasan jera-uku alewar da ke faɗowa daga sama sa'a ce, wani lokaci motsi ɗaya ya share rabin allo, wani lokaci a tashi a tutar babu. Sannan an ba ɗan wasa rai 5, kowanne sai bayan minti 30 yake dawowa. Idan ya faɗi saura ƙiris ya ci, a daidai wannan lokacin ne ake yi masa tayin sayen ƙarin motsi. Wanda ba shi da kuɗi yana biya da lokacinsa da datarsa da barcinsa. Hoton wasan ma yakan bi mutum har gado: a binciken Robert Stickgold na Jami'ar Harvard a 2000, masu wasan Tetris sun riƙa ganin tubala suna faɗowa yayin da barci ke ɗaukar su. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin kwamfuta a jerin cututtuka, ko da yake ta taƙaita hakan ga wanda wasa ya fi ƙarfinsa har ya ɓata masa karatu ko aiki ko zaman iyali, galibi na tsawon wata 12.

Abin da Ya Kamata a Yi

Ƙwace waya da tsawa kaɗai ba za su yi magani ba, domin yaron da aka hana da rana zai yi a ƙarƙashin bargo da dare. Hanyar da ta fi ita ce malami ya kawo wasan gaban allo ya feɗe shi. Malamin lissafi na iya yanka tubalan Tetris da kwali ya ba aji matsalar gida 28. Malamin kimiyya na iya sa ɗalibai su rubuta mintocin da suke ɓatawa a wasa na mako guda, su zana jadawalinsu, su lissafa da kansu cewa minti 40 a kullum ya haura awa 240 a shekara. Malamin kwamfuta na iya nuna yadda ake rubuta umarnin da zai gano uku a jere, ko a tsara darar gargajiya a na'ura.

Shi kuma ɗalibi, kafin ya saukar da kowane wasa, ya tambayi kansa abu uku: Shin wasan yana da ƙarshe? Tunani ne ke kawo nasara a cikinsa ko sa'a? Wa ke samun kuɗi idan an daɗe ana yi? Ɗan wasa na minti goma domin hutawa bayan karatu ba laifi ba ne, matuƙar an kira shi da sunansa, wato hutu. Amma wanda ya bar littafinsa ya kwana jera alewa da sunan wasa ƙwaƙwalwa, to dara ta ci gida.